Daga kurar ɗan ga-ruwa zuwa birkin mota: yadda za ka auna gudu da ƙarfi da hannunka

Gobe da safe idan ɗan ga-ruwan unguwarku ya gama cika jarkokinsa, ka ɗan dakata ka kalle shi kafin ya tashi. Jarka 12, kowace lita 25, wato kilo 300 na ruwa zalla, ban da ƙarfen kurar. Zai sunkuya, ya kafa ƙafa ɗaya a baya, ya sa ƙirji, jijiyoyin wuya su tashi. Kurar za ta yi kamar ba da ita ake ba, can sai ta fara motsawa. Taku goma a gaba kuwa, ga shi ya miƙe, hannu ɗaya a kan ƙarfe ɗayan yana amsa waya, kura na tafiya abinta. Yana isa ƙofar gidan da zai sauke sai wahala ta dawo sabuwa: ya ja da baya da dukkan jikinsa, silifas na ta jan ƙasa, ruwa na tsiyayowa ta bakin jarkokin gaba.

Ruwan nan bai ƙaru ba bai ragu ba. To me ya sa tashi da tsayawa ne ke cin ƙarfinsa, tsakiyar tafiya kuwa kamar wasa? Amsar ita ce ginshiƙin wannan fanni gaba ɗaya: aikin ƙarfi shi ne sauya tafiya. Abin da ke tsaye ba ya tashi sai da ƙarfi, abin da ke tafiya ma ba ya tsayawa ko ya karkata sai da ƙarfi. Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare, kuma na lura ɗalibi na iya haddace dokokin motsi uku na Niyuton tsaf, ya ci jarrabawa, amma a zuciyarsa bai yarda ba. Ba laifinsa ba ne. Aristotil, babban masanin Girka, shi ma ya tafi a kan cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai akwai mai tura shi, kuma an yi ƙarnuka ana karantar da hakan. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo gyara: ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata da ya kira "mail", wanda da ba don iska da sauran masu tare hanya ba, da ba zai gushe ba. Galiliyo ɗan Italiya ya auna abin da hannunsa, sai Aizik Niyuton ɗan Ingila ya ɗaure maganar da lissafi a 1687.

Gani ya kori ji, don haka aunawa za mu yi. Ka tanadi tef ɗin tela ko na magina, zare mai ƙarfi kamar mita biyu, ƙaramin kwaɗon rufe ƙofa, rula mai santimita 30, tsohon batirin tocila babba, katako mai santsi kamar mita biyu, alli ko gawayi, da waya mai agogon ƙidayar sakan. Ka nemi kuma aboki ɗaya, don wasu gwaje-gwajen ba sa yiwuwa da hannu biyu.

Mataki na farko: ka san gudu da mita da sakan

Ka auna mita 20 a layinku, ka ja layi a farko da ƙarshe. Ka taka irin tafiyarka ta kullum abokinka na riƙe da agogo. A ce ka yi sakan 15. Raba nisa da lokaci: 20 ÷ 15, ka sami mita 1.3 a sakan. Gudunka ke nan.

Agogon mota da kilomita a awa yake magana, lissafinmu kuwa da mita a sakan yake tafiya. Canjin ba shi da wuya: kilomita ɗaya mita 1,000 ce, awa ɗaya sakan 3,600 ce, saboda haka ka raba abin da agogon mota ya nuna da 3.6. Kilomita 50 a awa ya zama mita 13.9 a sakan, 80 ya zama 22.2, 100 ya zama 27.8. Ka rubuta ukun nan a gefe, za mu dawo kansu. Rabin makin da ɗalibai ke zubarwa a wannan babi, wallahi a mantuwar wannan rabawar yake zubewa.

Mataki na biyu: sauyin gudu

A aji ana ce masa akselareshan. Ni na fi son in ce sauyin gudu, domin "ƙarin gudu" da wasu ke cewa ya bar kashi biyu cikin uku a waje. Direba na da abu uku da yake sauya tafiyar mota da su: totur, birki da sitiyari. Totur na ƙara gudu, birki na rage shi, sitiyari na sauya inda aka dosa. A idon fiziks duka ukun abu ɗaya suke yi, kuma jikinka shaida ne: totur ya manna ka da kujera, birki ya tura ka gaba, kwana ta jefa ka kan maƙwabcinka.

Lissafinsa: gudun ƙarshe, a cire gudun farko, a raba da lokacin da aka ɗauka. Ɗan acaba ya tashi daga tsaye, cikin sakan 5 agogonsa ya kai 36. Raba 36 da 3.6, ka sami mita 10 a sakan. To (10 − 0) ÷ 5 = 2. Ana rubuta shi 2 m/s², kuma wannan ƙaramin 2 na sama shi ke tsorata yara. Ba wani abu ba ne: kowane sakan ɗaya da ya wuce, gudun na ƙaruwa da mita 2 a sakan. Bayan sakan ɗaya yana kan 2, bayan biyu yana kan 4, sai 6, sai 8, sai 10.

Yanzu ɗauko katakonka. Ɗora bakinsa ɗaya a kan littattafai har ya ɗaga kamar santimita 10, kada ya fi haka, in ba haka ba batirin zai riga yatsanka. Daga bakin ƙasa ka auna sama, ka sa alama a santimita 20, da 80, da 180. Kwantar da batirin a alamar farko, ka tare shi da rula, ka janye rular ba tare da ka tura shi ba, abokinka ya ƙidaya lokacin da ya ɗauka kafin ya kai ƙasa. Kowace alama ku yi sau biyar ku ɗauki matsakaici. In wayar na ɗaukar bidiyo, ku ɗauka ku duba a hankali, ya fi yatsa gaskiya.

Za ka ga abin mamaki. In santimita 20 ta ci sakan ɗaya da 'yan kai, 80 ba za ta ci ninki huɗu ba, ninki biyu kawai za ta ci, 180 kuma ninki uku. Juya maganar: in lokaci ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu, in lokaci ya ninka uku, nisa ya ninka tara. Wannan shi ne gwajin da Galiliyo ya bayyana a littafinsa na 1638. Shi ba shi da waya. Tulun ruwa ya rataye mai siririn bututu, ya riƙa tarar ruwan da ya zubo yayin da ƙwallon ke gangarowa, yana auna nauyinsa a ma'auni. A lissafe: nisa = ½ × sauyin gudu × lokaci × lokaci, matuƙar daga tsaye aka tashi.

Mataki na uku: auna jan ƙasa da zare da kwaɗo

Mutane na cewa "maganaɗisun ƙasa", amma sunan na ɓatar da mai koyo. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ƙasa kuwa ba ta bar auduga ba, ba ta bar icce ba, ba ta bar ka ba. Mu ce jan ƙasa. Duk abin da aka saki, in iska ba ta dame shi ba, gudunsa na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan, babba ne ko ƙarami. Harafin g ake sa masa. Saki bulo da tsakuwa tare daga tsayin kafaɗa, tare za ka ji sun dira. Takarda kan makara saboda iska. Dunƙule ta ka sake gwadawa. A 1971 wani ɗan sama jannatin Amurka na tafiyar Apolo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka faɗi lokaci guda a gaban kyamara.

Faɗuwa na da sauri, yatsa ba ya kama ta daidai, shi ya sa ake bi ta lilo. Ɗaura kwaɗon a bakin zare, ɗayan bakin ka ɗaure shi tamau a ƙusa ko a jikin azara, inda kwaɗon ba zai gogi bango ba. Tsawon ya zama mita ɗaya cif, kuma daga wurin ɗauri zuwa tsakiyar jikin kwaɗon za ka auna, kada ka tsaya a inda zaren ya ƙare. Ja shi gefe kaɗan, kamar faɗin tafin hannu, ka saki. Kada ka wurga shi, kada ka bari ya riƙa zagaye.

Bari ya yi lilo biyu uku ya daidaita. Sannan lokacin da ya iso gefenka ka danna agogo kana cewa "sifiri", ba "ɗaya" ba. Duk sanda ya je ya dawo gefenka, lilo ɗaya ke nan. Ƙidaya 20 ka tsayar. Za ka sami wajen sakan 40. A ce 40.2 ka samu: raba da 20, lilo ɗaya ya zama sakan 2.01. Ninka shi da kansa, 4.04. Sai ka ɗauki 39.48 (wato 4 × π × π), ka ninka da tsawon zaren, ka raba da 4.04. Amsa: 9.77.

Ranar da na fara sa ɗalibai wannan gwaji, rukuni ɗaya suka kawo min 39. Shugabarsu ta tsaya kai da fata: "Malam, sau uku muka yi, kuma sau ukun haka ya ba mu." Gaskiyarta, sau uku suka maimaita kuskure guda. Zuwa suke ƙirgawa ɗaya, dawowa biyu, lokacin ya rabe biyu, amsar ta ninka huɗu. Laifin nawa ne, ban nuna musu da hannu abin da nake nufi da lilo ɗaya ba. Tun daga ranar, ni nake fara ƙirga ukun farko da babbar murya.

In ka sami tsakanin 9.5 da 10.1, aikinka ya yi kyau. Kada kuma ka yi ta gyara lamba don ta zama 9.81 na littafi. Jan ƙasa ba ɗaya ba ne ko'ina: a kan layin da ya zagaye duniya ya raba ta biyu, arewa da kudu, wajen 9.78 ne, a ƙuryar arewa da ta kudu wajen 9.83. Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram duk sun fi kusa da wannan layin, don haka 9.78 ne namu. Ka canza kwaɗon da wanda ya fi shi nauyi ka sake: lokacin ba zai sauya ba. Ka rage zaren zuwa santimita 25: lilo ɗaya zai koma sakan ɗaya.

Da g a hannunka, kana iya auna zurfin rijiya ba tare da guga ba. Saki tsakuwa mai tsabta daga bakin rijiyar, ka ƙidaya har ka ji "tsulum". Zurfi = 4.9 × lokaci × lokaci. Sakan 2 ya ba da mita 19.6, sai ka rage kamar mita ɗaya, domin ƙarar ma sai da ta ɗauki ɗan lokaci kafin ta hauro kunnenka. Abin da masu haƙa za su ce gaba goma ke nan, ko da ɗan ɗoriya.

Mataki na huɗu: jera ƙarfin da ke kan abu, ka ga wanda ya yi rinjaye

Hausa na da kalma ɗaya, nauyi, a inda fiziks ke da biyu, kuma dole a raba su. Na farko shi ne yawan abin da ke jikin abu, wanda ake faɗa da kilo. A aji ana ce masa mas. Na biyu shi ne ƙarfin da ƙasa ke jan abin da shi, wanda ake aunawa da niyuton. Buhun siminti kilo 50 ne a Sakkwato, kilo 50 ne a kan wata. Amma a nan ƙasa na jan sa da 50 × 9.8, wato niyuton 490, a wata kuwa inda g yake 1.6, niyuton 80 kacal, yaro ma sai ya ɗaga shi. Don ka ji girman niyuton a jikinka, ɗora ledar fiya wata mai rabin lita a tafin hannu: kusan niyuton 5 ke nan.

Dokar Niyuton ta biyu ita ce injin lissafin: ƙarfi = mas × sauyin gudu. Sai dai ƙarfin da ake nufi shi ne ragowar da ta saura bayan an gama ja-in-ja. Shi ya sa kafin ka taɓa kalkuleta, zana abin a matsayin akwati, ka ja kibiya ga kowane ƙarfi da ke taɓa shi.

Mu koma kan kura. Mu ƙaddara ita da ruwanta kilo 350. Kibiya ta ƙasa: jan ƙasa. Kibiya ta sama: tokarar da hanya ke yi wa tayoyi. Waɗannan biyun sun kashe juna, shi ya sa kurar ba ta nutse ba ta tashi sama. Kibiya ta gaba: turin ɗan ga-ruwa, mu ce niyuton 175. Kibiya ta baya: gogayyar taya da ƙasa da ta gindin ƙafafun, mu ce 70. Lambobin biyun nan misali ne na sa, na gaskiya ya danganta da hanya da iskar taya. Ragowa: 175 − 70 = 105. Raba da 350, sauyin gudu ya zama 0.3 m/s². Cikin sakan 4 kura ta kai mita 1.2 a sakan, daidai tafiyar mutum.

Nan ne wurin da nake so ka tsaya ka yi tunani. Da ya kai wannan gudun, ya sassauta turi zuwa 70. Ragowa ta zama sifiri. Kura ta tsaya? Ko alama. Sauyin gudu ne ya zama sifiri, gudun kansa yana nan a 1.2. Dokar farko ke nan: in ƙarfi ya yi kunnen doki, abin da ke tsaye ya ci gaba da tsayuwa, mai tafiya ya ci gaba da tafiyarsa a miƙe. A aji sunan wannan hali inashiya, ni kuwa taurin kai nake ce masa, kuma gwargwadon kilo gwargwadon taurin kan. Ruwan da ya tsiyayo ta gaba lokacin tsayawa, kurar aka tsayar, shi ba a tsayar da shi ba. Haka fasinjan da ya buga goshi a kujerar gaba: babu abin da ya tura shi, motar ce ta tsaya ta bar shi yana tafiya.

Doka ta uku gajeriya ce: in ka tura abu, shi ma ya tura ka daidai gwargwado, ta kishiyar fuska. Ɗalibi mai wayo kan tambaya, in haka ne ta yaya wani abu zai taɓa motsawa? Amsa, ƙarfin biyun ba a kan abu ɗaya suke ba. Ƙafar ɗan ga-ruwa na tura ƙasa baya, ƙasa na tura shi gaba. Tayar mota ma haka. Ranar da ƙasa ta ƙi turawa, kamar a cikin taɓo ko rairayi, ka sha ganin abin da ke faruwa: injin na kuka, taya na juyawa, mota na nan inda take.

Mataki na biyar: mita nawa mota ke ci kafin ta tsaya

Duk abin da muka tara, nan zai yi aiki. Tsayawa kashi biyu ce: tafiyar da mota ke yi kafin ƙafa ta kai ga birki, da wadda take yi bayan an taka.

Fara da auna kanka. Abokinka ya riƙe rula a tsaye ta sama, sifirin na tsakanin babban yatsanka da manuni, ba ka taɓa ta ba. Ya saki ba sanarwa, kai kuma ka cafke. In ka kama a santimita 10, sakan 0.14 ka ɗauka. A 20, sakan 0.20, a 30, sakan 0.25. Yanzu ka sake, amma kana karanta saƙo a waya da ɗayan hannun. Da yawa rular kan wuce su ta faɗi ƙasa. Kuma wannan kana jiran abin ne, yatsa kawai za ka motsa. A kan titi sai ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane cewa akuya ce ko yaro, ƙafa ta bar totur ta koma birki. Masu lissafin hanya kan ɗauki sakan ɗaya zuwa biyu ko fiye. Mu ɗauki 1.5.

Kashi na farko: gudu × 1.5. A kan 50, mita 13.9 × 1.5, wajen mita 21. A kan 100, wajen mita 42. Duk wannan tafiyar, birki bai san ana yi ba.

Kashi na biyu. Taya mai kyau a busasshiyar kwalta na iya rage gudu da kamar 7 m/s². Lokacin tsayawa shi ne gudu ÷ 7. Tunda daga cikakken gudu ake saukowa zuwa sifiri, matsakaicin gudun rabi ne. Ninka biyun, ka sami: nisa = gudu × gudu ÷ (2 × 7). Ka lura gudu ya shigo sau biyu, ɗan'uwan abin da batiri ya nuna maka a kan katako. A kan 50: 13.9 × 13.9 ÷ 14, wajen mita 14. A kan 100: 27.8 × 27.8 ÷ 14, wajen mita 55. Gudu ya ninka biyu, nisan birki ya ninka huɗu.

Haɗa su. A kan 50, mita 35. A kan 80, kusan mita 69. A kan 100, mita 97, wato saura kaɗan tsawon filin ƙwallo. Da damina, in kwalta ta jiƙe ko taya ta suɗe, 7 ɗin nan na iya komawa 4. Sa 4 a lissafin, mai gudun 100 sai ya ci wajen mita 138. Dokar hanya ta Najeriya ta sa wa ƙananan motoci iyakar 50 a cikin gari da 100 a babban titi mai tagwayen hanya, kuma in ka kalli lambobin nan za ka ga ba da ka aka yanke su ba.

Ga lissafin da na fi so in yi wa direbobi, domin shi ke sa su yin shiru. Motoci biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a kan 50 ɗaya a kan 60. Yaro ya faɗo titi mita 35 a gabansu. Mai 50 ya tsaya cak a gabansa. Mai 60 fa? Gudunsa mita 16.7 a sakan, kafin ya taka birki ya ci mita 25, saura kamar 10. Ninka 16.7 da kansa, kusan 279; cire 2 × 7 × 10 da birki ya samu ya ci, saura wajen 140; tushensa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da haka, kusan 12. Wato zai isa wurin yaron yana kan mita 12 a sakan, kilomita 43 a awa. Wani direban tasha da na yi wa wannan lissafi a bayan kwalin sigari ya ce, "Haba Malam, goma ce fa kawai tsakaninsu." Na miƙa masa biron na ce ya sake da kansa. Ya yi sau biyu, ya ninke kwalin ya sa a aljihu.

Babbar mota mai lodi labarinta ya fi haka muni. Duk gudun da aka kashe zafi yake komawa a cikin birki, kuma gwargwadon kaya gwargwadon zafin. A doguwar gangara birkin da ya yi zafi ƙwarai riƙonsa na raguwa, shi ya sa tsofaffin direbobin tirela ke saukowa da ƙaramar giya, injin na taya birki aiki.

Kwana ma da nata lissafin: gudu × gudu ÷ faɗin kwanar daga tsakiyarta. Shataletalen da ke da mita 20 daga tsakiya zuwa inda kake bi, a kan 36 yana neman 5 m/s² daga tayoyinka, suna iya bayarwa. A kan 54 yana neman fiye da 11, ba su da shi, sai mota ta zarce a miƙe. Adaidaita sahu kuwa, mai ƙafa uku ga tsayi ga ƙunci, sau da yawa kafin taya ta zame ya riga ya kife.

Mataki na shida: ƙarfin karo

Birki na kashe gudun 50 cikin sakan biyu. Bango ko bishiya na kashe shi cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na sakan. Gudun ɗaya ne, lokacin ne ya ƙanƙance, ƙarfin ya kumbura: 13.9 ÷ 0.1 = 139 m/s², ninki 14 na jan ƙasa.

Ɗauki uwa a kujerar gaba da ɗanta mai kilo 10 a cinya. Ƙarfin da za ta buƙata ta riƙe shi: 10 × 139, niyuton 1,390. Raba da 9.8 ka ga da me ya yi daidai: kilo 142, kusan buhun siminti uku, a fizge, cikin ƙiftawar ido. Babu hannun da zai iya. Ita kanta in kilo 60 ce kuma ba ta ɗaura bel ba, da ƙarfin da ya haura niyuton 8,000 za ta tafi gaba, yaron na tsakaninta da gaban mota. In kana son wani ma'aunin, gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku, lissafin nan na gudu × gudu ÷ (2 × 9.8) ne ya ba da shi.

Bel, jakar iska, gaban mota da ake ƙera shi don ya lotse, da soson da ke cikin hular kwano, duk dabara ɗaya ce: a tsawaita lokacin tsayawa. In lokacin ya ninka biyu ƙarfin ya rabe biyu. Ka taɓa yin haka ba ka sani ba, ranar da aka jefo maka ƙwai ko mangwaro nunanne ka janye hannu baya yayin cafkewa, ko ka diro daga katanga ka lanƙwasa gwiwa. Hular da aka ɗora ba a ɗaure igiyarta ba kuwa doka ta farko za ta bi: babur ya tsaya, ita ta yi gaba, kai ya sauka shi kaɗai.

Saura aiki ɗaya, kuma a waje ake yin sa. Auna takunka: ka yi taku goma, ka auna da tef, ka raba da goma. Na babban mutum kan kama santimita 70 zuwa 80. Tsaya a ƙofar gidanku ka taka mita 35 a gefen titi, wajen taku 47, ka aje dutse. Ci gaba har mita 97, wajen taku 130, ka aje na biyu. Sannan ka juyo ka ƙirga ƙofofi nawa, shaguna nawa da bakin lungu nawa ke tsakanin dutsen nan na biyu da inda ka taso.